Iyakar kuɗin haraji a jihohin Amurka: wa ke cin moriyar rarar da ake mayarwa?

Sanusi: Assalamu alaikum jama'a. Ga wani abu da ke ɗaure wa mutane kai. A watan Nuwamban 2022 jihar Masachusets ta fara mayar wa masu biyan haraji kusan dala biliyan 3, wai ta tara fiye da yadda doka ta yarda mata. A cikin watan nan dai mutanen jihar suka kaɗa ƙuri'a aka ƙara wa attajirai haraji, wai kuɗin makarantu da hanyoyi ba sa isa. Ya ake ciki ne? Kuɗi sun yi yawa ko sun yi kaɗan?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Sanusi, dokoki biyu ne da ba tare aka haife su ba. Ta farko ita ce wadda suke kira 62F, an kafa ta da ƙuri'ar raba gardama a 1986. Ta ce kuɗin harajin da jiha za ta riƙe ba za su girma fiye da yadda albashin mutanen jihar ke girma ba, kuma ana ɗaukar matsakaicin shekara uku ne. Duk shekara a watan Satumba babban mai binciken kuɗi na jiha yake duba littafi ya faɗi ko an tsallake iyaka. An tsallake a 1987, kuɗin ba su taka kara sun karya ba. Daga nan dokar ta yi barci shekara 35, har 'yan majalisa da yawa suka manta da ita. A 2022 ta farka da dala biliyan 2.94.

Ta biyu kuma gyaran kundin tsarin mulkin jiha ne: ƙarin kashi 4 cikin ɗari a kan abin da mutum ya samu sama da dala miliyan ɗaya a shekara, a kashe kan ilimi da sufuri. Ya wuce da kusan kashi 52 cikin ɗari na ƙuri'u.

Hajiya Rabi: Malam Habu ya bar wurin da ƙurar take. Tambayar ita ce yadda aka raba biliyan 2.94 ɗin. Ba kai da kai aka raba ba. Kowa an ba shi kusan kashi 14 cikin ɗari na harajin da ya biya a shekarar 2021. A lokacin harajin samu na jihar kashi 5 ne ga kowa, don haka lissafin ba wuya. Wanda kuɗin da ake caji a kansa dala 50,000 ne, ya biya 2,500, an mayar masa da kamar 350. Wanda ya samu miliyan 2 ya biya 100,000, an mayar masa da 14,000. Wanda samunsa bai kai a caje shi harajin albashi ba kuwa, ko sisi. Alhali rarar ba daga harajin albashi kaɗai ta fito ba, har da harajin saye da sayarwa na kashi 6.25, wanda mai ƙaramin ƙarfi ma yana biya duk lokacin da ya sayi wayar hannu ko tayar mota.

Alhaji Ɗanlami: Hajiya, ai wannan ba zalunci ba ne. In ɗan kasuwa ya caje ka fiye da kima, abin da ya karɓa a hannunka shi zai mayar maka, ba zai raba wa duk wanda ke cikin kasuwa ba. Wanda ya zuba da yawa shi ya kamata ya kwashi da yawa.

Hajiya Rabi: Da rarar harajin albashi ce zalla, da na yarda da kai, Alhaji. Majalisar jihar ma ba ta tsaya a kan maganarka ba. A dokar haraji da gwamna Maura Healey ta sa wa hannu a Oktoban 2023 an canza tsarin: in dokar 62F ta sake tashi, kowane mai biyan haraji daidai zai samu da kowa.

Malam Habu: Akwai kuma wani abu da ya kumbura lissafin 2022 ɗin wanda ba kowa ya lura da shi ba. A 2017 gwamnatin tarayya ta ƙayyade cewa harajin jiha da na ƙaramar hukuma da mutum zai iya cirewa kafin a caje shi na tarayya ba zai wuce dala 10,000 ba. Jihohi da dama suka nemo hanyar zagayawa: kamfanin haɗin gwiwa ya biya wa masu shi harajin jiha da sunan kamfani, daga baya su kuma a rage musu a nasu takardun. Matsalar ita ce lokaci. Kuɗin sun shigo baitulmali a shekarar kasafi ɗaya, ragin kuma ba a gama karɓarsa ba sai a ta gaba. To littafi ya nuna rarar da wani ɓangarenta tamkar ajiya ce a hannun jiha. Aka mayar da rarar, sannan aka zo aka biya ragin. Irin wannan ne ke faruwa in dokar da aka rubuta a 1986 ta gamu da dabarar da aka ƙirƙira bayan shekara talatin da wani abu.

Binta: Ku yi haƙuri in katse ku. Kuɗin sabon harajin attajiran, shin yana shiga cikin lissafin iyakar? Don in yana shiga, ai zagaye ne kawai: a karɓa da hannun dama a mayar da hagu.

Malam Habu: Tambayar da ta fi kowacce ke nan, Malama Binta. Majalisa ta cire shi daga lissafin a 2023. Da ba a cire ba, kuma da tsohon rabon na nan, da attajiri ya biya ƙarin haraji, kuɗin su tura jiha sama da iyaka, sannan a mayar da kaso mai tsoka ga su attajiran. Masu adawa sun ce wannan yi wa ƙuri'ar 1986 zagon ƙasa ne, tunda ita ta ce duk kuɗin haraji. Masu goyon baya suka ce kundin tsarin mulki ya riga ya keɓe kuɗin ga ilimi da sufuri, kuma kundin yana gaba da doka.

In ana son ganin inda abin ya lalace gaba ɗaya, a duba Arizona. A 2020 masu ƙuri'a suka amince da ƙarin kashi 3.5 a kan samun da ya wuce dala 250,000 ga mutum ɗaya, don makarantu. Amma kundin jihar tun 1980 ya sa iyaka a kan jimillar abin da gundumomin makarantu za su kashe. Waɗanda suka rubuta sabuwar dokar sun kira kuɗin tallafi don su kauce wa iyakar. Kotun ƙolin jihar ta ce a'a, kuɗin haraji ne, suna ƙarƙashin iyaka. A 2022 aka rushe harajin ɗungurungum. An ci ƙuri'a, an sha ƙasa a gaban alƙali.

Dakta Isiyaku: Tunda an zo nan, bari a shigo da Kolorado, don ita ce uwa ma ba da mama a wannan fage. Dokarsu ita ce TABOR, wato dokar haƙƙin mai biyan haraji, ta 1992, kuma a cikin kundin tsarin mulki take, ba doka ce da majalisa za ta taɓa da rinjaye ba. Abu uku ta yi. Babu sabon haraji ko ƙarin haraji sai da ƙuri'ar jama'a. Kuɗin da jiha za ta riƙe suna girma ne da hauhawar farashi haɗe da ƙaruwar yawan jama'a. Sannan ta ce harajin samu dole ya zama farashi ɗaya ga kowa, wato ba hawa-hawa.

A ɗauka iyakar bara 100 ce. Farashi ya tashi da kashi 3, jama'a sun ƙaru da kashi 1. Iyakar bana 104. In an tara 110, sai a mayar da 6. Wannan kowa ya gane shi. Inda gizo ke saƙar shi ne shekarar fari. A tsarin farko, in tattalin arziki ya faɗi aka tara 90 kacal, to daga 90 za a fara lissafin baɗi, ba daga 104 ba. Iyakar baɗi ta zama 93.6. Arziki ya farfaɗo aka tara 105, dole a mayar da 11.4, alhali abin da jiha za ta riƙe ko matsayin da ake kafin faɗuwar bai komo ba. Ƙofa ce mai rufewa ba ta buɗewa. Abin da ya same su ke nan bayan koma-bayan 2001, jami'o'in jihar suka fi kowa jin jiki. A 2005 gwamna Bill Owens, wanda ɗan jam'iyyar Rifablikan ne kuma tsohon mai goyon bayan TABOR, ya goyi bayan ƙuri'ar da ta dakatar da mayar da rara na shekara biyar ta kuma gyara wannan gurbin. Yanzu iyakar tana girma daga iyakar bara, ko an tara ko ba a tara ba.

Alhaji Ɗanlami: To ai an gyara ke nan, Dakta. Kuma mutanen jihar sun nuna suna son abinsu. A 2019 an tambaye su su bar wa gwamnati rarar, suka ƙi. A 2023 aka sake zagayowa da ita an lulluɓe da ragin harajin gidaje, suka sake ƙi. A tsakani kuma da kansu suka sauke harajin samu daga kashi 4.63 zuwa 4.55 a 2020, sannan 4.4 a 2022. Mai kuɗi ya ce a bar masa kuɗinsa, me ya rage?

Dakta Isiyaku: Gurbi ɗaya aka gyara, Alhaji. Ma'aunin kansa yana nan da matsalarsa. Hauhawar farashin da ake amfani da ita ta kayan da magidanci ke saya ce a yankin Denba, babban birnin jihar: haya, abinci, mai. Gwamnati ba wannan kwandon take saya ba. Ita tana biyan kuɗin asibitin marasa ƙarfi, albashin malamai, gidajen yari, kwalta. Kuɗin lafiya ya saba gudu fiye da sauran farashi. Ƙidayar jama'a ma kai take ƙirgawa, ba ta damu da cewa tsofaffi, waɗanda suka fi cin kuɗin jinya, suna ƙaruwa fiye da saura ba. Shi ya sa a 2025 'yan majalisar suka zauna neman inda za su yanke sama da dala biliyan ɗaya, ba don aljihu ya bushe ba, sai don iyakar ta hana su kashe abin da ya shigo.

Amma ka yi gaskiya a kan ƙuri'un. Sai dai a lura: mutanen nan da ke ƙin sakar wa jiha mara, a matakin ƙaramar hukuma da gundumar makaranta mafi yawansu sun amince a riƙe rarar. Mutum ya fi yarda da wanda yake ganin aikinsa a ƙofar gida.

Sanusi: In farashi ɗaya ne dole ga kowa, ke nan a Kolorado ba yadda za a yi a ƙara wa mai kuɗi?

Hajiya Rabi: Ta ƙofar gaba babu, sai an gyara kundin. Ta taga ake shiga. A 2022 suka amince da ciyar da ɗaliban makarantun gwamnati kyauta, kuɗin kuma an samo su ne ta hanyar taƙaita abin da masu samun dala 300,000 zuwa sama ke iya cirewa kafin a caje su. Farashin bai motsa ba, amma abin da ake caji a kansa ya ƙaru. Wata tagar ita ce a wajen rabo. Ɗaya daga cikin hanyoyin mayar da rarar hawa shida ne gwargwadon samu, mai yawa ya samu da yawa. A 2022 majalisa ta ajiye shi ta aika wa kowa dala 750, ma'aurata 1,500. Shekarar da ta biyo 800 da 1,600. Ba a ƙara wa kowa haraji ba a takarda, amma na sama ya karɓi ƙasa da abin da tsohon tsari zai ba shi.

Sai taga ta uku, wadda ita ce ta fi faɗi: kuɗin hidima. TABOR haraji ta hana, ba ta hana kuɗin hidima ba, kuma hukumar da ke tafiyar da kanta kamar kasuwanci, wadda tallafin gwamnati bai kai kashi 10 na kuɗinta ba, ba a ƙirga ta cikin iyaka. Haka jami'o'i suka fita. Haka kuɗin da ake karɓa daga asibitoci ya fita a 2017. Abin ya yi yawa har a 2020 masu ƙuri'a suka ce duk sabuwar hukuma irin wannan da za ta tara sama da dala miliyan 100 a shekara biyar na farko sai an tambaye su. Illar ita ce kuɗin hidima bai san talaka da attajiri ba. Kuɗin rajistar mota ko na makaranta ɗaya ne a kan kowa.

Binta: Wato dokar da aka yi don kare mai biyan haraji ta tura nauyin kan ɗalibi da mai tsohuwar mota.

Alhaji Ɗanlami: Ko kuma 'yan siyasa ne suka ƙi zuwa su tambayi jama'a kai tsaye, 'yata. Hanya a buɗe take.

Malam Habu: A buɗe take, amma da ƙaya. TABOR ta tsara har yadda za a rubuta tambayar a takardar ƙuri'a: da manyan haruffa, ta fara da cewa shin a ƙara haraji da dala kaza. Kuma in kuɗin shekarar farko suka wuce hasashen da aka nuna wa masu ƙuri'a, sai an mayar ko a sake komawa neman izini. Ya faru da harajin tabar wiwi a 2015, ya faru da na taba a 2023. Duka biyun jama'a sun ce a riƙe.

Oregon kuma nata salon daban ne, kuma a ganina shi ya fi kowanne rashin kan gado. Ba ruwanta da girman gwamnati. Kasafinsu na shekara biyu ne. Masana tattalin arzikin jiha su yi hasashe a farko. In abin da ya shigo ya wuce hasashen da kashi 2 ko fiye, a mayar da rarar dukkanta, ba abin da ya haura kashi 2 ɗin kawai ba. An yi hasashen 100, aka samu 101.9, jiha ta riƙe komai. Aka samu 102.1, ta mayar da 2.1 cif. Wato ba yawan haraji ake hukuntawa ba, kuskuren mai hasashe ne. A 2024 abin ya kai dala biliyan 5.6, kowa ya samu ragin kashi 44 da ɗoriya na harajinsa na 2022. Jihar ba ta da harajin saye da sayarwa, ta dogara ne a kan harajin samu, shi kuwa yana hawa da sauka da kasuwar hannun jari. Shekarar albarka a raba, shekarar fari a yanke. Na kamfanoni dai tun 2012 aka karkatar da shi ga makarantu.

Dakta Isiyaku: Wannan hawa da saukar ita ce babbar aibun dogaro da harajin attajirai, kuma masu goyon bayansa ba sa son a faɗa. Albashi ba ya rawa sosai. Ribar hannun jari kuwa mai ita ne ke zaɓar ranar da zai sayar. Kalifoniya tana cajin har kashi 13.3 a sama, kuma kashi ɗaya cikin ɗari na masu biya suna ɗauke da wajen kashi 40 zuwa rabin harajin samu. A 2022 ta yi shelar rarar dala biliyan 97.5, ta raba wa jama'a kusan biliyan 9.5, wani ɓangare don kada ta yi karo da iyakarta ta 1979. Shekara guda bayan haka gibi ake magana. Maganin ba ɓoyayye ba ne: kuɗin da ke rawa a zuba wani kaso a asusun ko-ta-kwana, wani a ayyukan yi-sau-ɗaya kamar gada da ginin aji, kada a ɗora albashin dindindin a kansa. Masachusets ta bi wannan a shekarar farko: biliyan ɗaya ta sa a kasafi daga ƙarin harajin attajirai, sama da biliyan biyu suka shigo.

Alhaji Ɗanlami: Sun shigo a shekarar farko. Mai kuɗi yana da ƙafa. Niyu Hamsha tana nan maƙwabtaka, ba ta cajin albashi. Fulorida ma haka. Lokacin da attajiri David Tepper ya bar Niyu Jazi ya koma Fulorida, sai da jami'in kasafin majalisar jihar ya yi gargaɗi a 2016 cewa tafiyar mutum ɗaya na iya girgiza hasashensu.

Dakta Isiyaku: Ya tafi, kuma ya dawo daga baya. Binciken da Cristobal Young da abokan aikinsa suka fitar a 2016 daga takardun harajin tarayya ya nuna masu samun miliyan suna sauya jiha da kusan kashi 2.4 a shekara, sauran jama'a 2.9. Suna da aure, da yara a makaranta, da kasuwanci da ke ɗaure da wuri. Wanda ya fi saurin tashi shi ne wanda ya yi ritaya ko yake shirin sayar da kamfani. Kuma komawa Niyu Hamsha ba ta kuɓutar da wanda ke aiki a Boston, babban birnin Masachusets, don jiha tana cajin abin da aka samu a cikinta ko da mutum ba mazauninta ba ne. Abin da ya fi ƙaura cin kuɗi shi ne sauya fasalin samu: jinkirta sayarwa, rarraba biya a kan shekaru, da makamantansu.

Hajiya Rabi: Misali ƙarami a Masachusets: miji da mata kowa na samun dala 900,000. In suka cika takarda daban-daban babu wanda ya kai miliyan, ƙarin harajin sifiri ne. In tare, miliyan 1.8, kashi 4 na 800,000, wato 32,000. A 2023 wannan ƙofar a buɗe take. Daga 2024 aka ce duk waɗanda suka cika ta tarayya tare, ta jiha ma tare za su cika.

Sanusi: Wanda ya sayar da gidansa sau ɗaya a rayuwa fa? An yi ta kuka da wannan lokacin kamfen ƙarin harajin Masachusets.

Hajiya Rabi: Riba ake caji, ƙanena, ba kuɗin sayarwa ba. Ma'aurata sun sayi gida 400,000, sun sayar miliyan 1.6. Riba miliyan 1.2. In gidan da suke zaune ne, kuma sun zauna shekara biyu cikin biyar na ƙarshe, ana yafe 500,000, saura 700,000. Haɗa da albashin 150,000, an samu 850,000, ba su kai ba. Kuɗin da suka kashe wajen ƙara ɗaki ko sauya rufi ma ana cirewa in akwai rasit. Wanda abin ke kamawa da gaske shi ne mai gidan haya ko mai ƙaramin kamfani da ya sayar lokaci guda, don shi ba a yafe masa komai. Ko shi ma a kan abin da ya haura ne kawai: mai samun miliyan 1.5 zai biya 75,000 na asali da 20,000 na ƙari, jimilla 95,000, wato kashi 6.3 na samunsa, ba 9 ba. Layin kuma yana matsawa da hauhawar farashi, a 2024 ya koma dala 1,053,750.

Binta: Kuɗin da aka mayar wa mutum, gwamnatin tarayya tana sake cajinsa haraji a kai?

Malam Habu: A na Masachusets, ya danganta da yadda mutum ya cika takardar tarayya ta shekarar da ya biya. In ya ɗauki ragin bai-ɗaya da ake ba kowa, babu komai a kansa. In kuwa ya lissafa harajin jiha ya cire shi, kuma cirewar ta rage masa abin da ya biya, to abin da aka mayar masa samu ne, sai ya bayyana shi. Wanda harajinsa ya riga ya zarce iyakar 10,000 da tazara mai yawa, galibi mayarwar ba ta taɓa shi, tunda ɓangaren da aka mayar bai taɓa cin moriyar cire shi ba. Hukumar harajin tarayya ba ta fayyace wannan ba sai a Fabrairun 2023, bayan ta ce wa mutane su dakata da cika takarda, lokacin kuwa wasu sun riga sun aika.